Ɗango Uku Kan Rayuwa da Mutuwa: Waƙar Haiku a Ma'aunin Karkarar Kano

Haiku wani nau'in rubutacciyar waƙa ne da ya samo asali a ƙasar Japan, kuma yana cikin mafi gajartar waƙoƙin duniya, domin baiti ɗaya ne tak mai sassa uku, wanda mai karatu zai iya furta shi da numfashi guda. Duk da wannan ƙanƙanta, Japanawa sun shafe fiye da shekara 300 suna ɗora masa manyan jigogi, musamman juyawar lokutan shekara da gushewar rayuwar ɗan Adam, har ya zamanto a yau ana rubuta shi da harsuna masu yawa a nahiyoyin duniya. Bahaushen da ya saba da waƙar wa'azi mai baiti ɗari ko fiye, wadda ke buɗewa da sunan Allah da salatin Annabi ta kuma rufe da addu'a, zai so ya san yadda ɗango uku za su ɗauki nauyin zancen mutuwa ba tare da sun gaza ba. Amsar tana cikin wasu dabaru ƙalilan da mawaƙan haiku suka riƙe, kuma mafi yawan kayan da waɗannan dabaru ke buƙata suna nan jibge a gonakin arewacin Kano, tun daga Ungogo da Minjibir har zuwa Bichi da Tsanyawa da Ɗambatta da Makoɗa.

Asali da zubi

Haiku ya tsiro ne daga wata doguwar waƙar haɗin gwiwa da ake kira renga, wadda mawaƙa da dama ke zama wuri guda suna tsara ta baiti bayan baiti, kowa yana ɗorawa a kan na ɗan'uwansa. Baitin da ake buɗe zaman da shi, wanda ake kira hokku, shi ne mafi daraja, kuma al'ada ta wajabta masa ya nuna lokacin shekarar da aka yi zaman a cikinsa, ya kuma cika ma'anarsa ba tare da jiran baiti na biyu ba. Matsuo Basho, wanda ya rayu daga 1644 zuwa 1694, shi ne ya ɗaga wannan baiti daga matsayin wasan hikima da raha zuwa matsayin waƙa mai zurfi. Bayansa aka yi Yosa Buson, mai zane kuma mawaƙi, da Kobayashi Issa, da wata mata mai suna Chiyo-ni, sannan a ƙarshen ƙarni na 19 Masaoka Shiki ya raba baitin da doguwar waƙar baki ɗaya, ya kuma tabbatar masa da sunan haiku.

Zubin haiku ya ginu ne a kan ƙidayar sauti: biyar a sashe na farko, bakwai a na biyu, biyar a na uku, jimla 17, kuma babu amsa-amo a cikinsa. Abin da Japanawa ke ƙirgawa ya bambanta da gaɓar kalma, domin suna lissafa dogon wasali a matsayin sauti biyu, haka ma baƙin hanci da ke rufe gaɓa yana da nasa lissafin, shi ya sa sunan Basho, mai gaɓa biyu, yake da sauti uku a wurinsu. A nan kunnen Bahaushe yana da wata fa'ida, domin Hausa ma tana rarrabe gaɓa sassauƙa, wato baƙi da gajeren wasali, da gaɓa mai nauyi, wato wadda ke da dogon wasali ko tagwan wasali ko wadda baƙi ya rufe ta, kuma a kan wannan bambanci ne marubuta waƙoƙin Hausa suka ɗora karuruwan da suka aro daga arulin Larabci. Wanda ya taɓa auna ɗangon waƙa da ƙafafuwan aruli ya riga ya san cewa tsawon ɗango yana cikin nauyin gaɓoɓinsa, saboda haka zai fahimci dalilin da ya sa gaɓa 17 ta Hausa kan fi sauti 17 na Japananci ɗaukar lokaci a baki.

A cikin tsarin rubutacciyar waƙar Hausa akwai baiti mai ɗango uku, wanda ake kira ƙwar uku, sai dai shi yanki ne na doguwar waƙa, yana ɗaure da 'yan'uwansa ta hanyar babban amsa-amo. Ta fuskar gajarta, karin magana da kirari da kacici-kacici sun fi kusa da haiku, musamman karin magana mai ɓari biyu, inda ɓari na farko ke kafa hoto, na biyu ya kammala shi. Inda suka rabu shi ne karin magana kan yanke hukunci a kan halin mutum ko halin duniya, shi kuwa haiku yana nuna abu ne kawai ya yi shiru, ya bar wa mai karatu aikin yanke hukuncin.

Kalmar lokaci da kalandar manomi

Sharaɗi na farko da haiku na gargajiya ke cikawa shi ne kigo, wato kalma guda da ke sanar da mai karatu lokacin shekarar da waƙar ke ciki ba tare da dogon bayani ba. Furen itacen sakura, wanda ke buɗewa ya kaɗe cikin mako ɗaya ko biyu, yana nuna lokacin da sanyi ya wuce tsirrai suka farfaɗo, raɓa da cikakken wata suna nuna kaka, dusar ƙanƙara kuma tana nuna tsananin sanyi. Japanawa sun tattara dubban irin waɗannan kalmomi a cikin littattafan da suke kira saijiki, inda aka jera kowace kalma a ƙarƙashin lokacinta tare da bayaninta da misalan waƙoƙi, ta yadda mawaƙi zai ambaci kalma ɗaya, mai karatu ya ji duk abin da ke tattare da ita na iska da haske da aiki da yanayin zuciya.

Karkarar arewacin Kano tana da irin wannan taska, ko da yake ba a tattara ta a littafi guda ba. Wannan yanki yana cikin ƙasar noma mai cunkoson jama'a da ta kewaye birnin Kano, wadda Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya yi nazari a kanta, inda ya nuna yadda manoma ke noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da sun bar ta saura ba, suna ciyar da ita da takin dabbobi da sharar gida, suna haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a kunya ɗaya, suna kuma kare itatuwan amfani irin su gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya da kanya a tsakiyar gonaki. Mutanen da ke rayuwa a kan 'yar ƙaramar gona irin wannan dole ne su zama masu lura, domin kuskuren 'yan kwanaki a wajen shuka zai iya shafar abincin shekara, kuma wannan lura ce ta haifar da kalmomi masu kaifi na kowane mataki na shekara.

Idan aka ce sharar gona ko guguwa ko binne, wato shukar da ake yi a busasshiyar ƙasa ana jiran ruwa, kowa ya san ana cikin bazara, ana fama da zafi da zullumi. Dawowar shamuwa kan itatuwan gari albishir ne na kusantowar ruwa, fitowar shinge bayan ruwan farko da kukan kwaɗi a kududdufi suna tabbatar da faɗuwar damina, yabanya da noman farko da maimai da huɗa suna bin juna har a shiga marka, lokacin da rana kan yi kwanaki ba ta fito sosai ba, rumbuna kuma sun yi ƙasa. Tumu, wato sabon geron da ake gasawa a murza a ci, shi ne shelar kaka, sai dami da roron wake da harawa da cikar rumbu su biyo baya, sannan hazo da hunturu da ci-rani su rufe shekara. Bayan waɗannan akwai lissafin taurari 28 da malamai ke riƙe da shi, bakwai ga kowane lokaci, kowanne yana ɗaukar kimanin kwana 13, irin su Zira'a da Ɗarfa da Jabha na damina, waɗanda dattawan manoma ke tambaya kafin su yanke shawarar shuka ko girbi. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi tana iya yin aikin da kigo ke yi, kuma marubutan Hausa ba su jahilci wannan fage ba, kamar yadda Waƙar Damina ta Na'ibi Sulaiman Wali ta shaida, ko da yake ita ta bi hanyar faɗaɗawa ne da jero siffofi.

Yanka da hoto

Sharaɗi na biyu shi ne yanka, wanda Japanawa ke yi da wasu ƙananan kalmomi da suke kira kireji, waɗanda aikinsu shi ne tsayar da numfashi da raba waƙar gida biyu. A harsunan da ba su da irin waɗannan kalmomi akan yi amfani da alamar rubutu ko karyewar jimla. Manufar ita ce a ajiye hoto biyu kusa da juna ba tare da kalmar kamantawa a tsakaninsu ba, ta yadda ma'anar za ta tashi daga haɗuwarsu. Shahararriyar waƙar Basho ta 1686 a kan tsohon tafki da kwaɗo ta ginu ne a kan wannan dabara, domin ta haɗa abu mai daɗewa da shiru da wani motsi na ɗan lokaci kaɗan, kuma ta kauce wa al'adar mawaƙan da suka gabace shi, waɗanda suka saba yabon kukan kwaɗo, ta karkata ga ƙarar ruwa. Ga wani misali da aka tsara da Hausa domin wannan bayani, bisa ƙidayar gaɓa biyar da bakwai da biyar:

Tsakiyar marka,
gawo ya kaɗe ganye;
gero kore shar.

Marka ita ce kalmar lokaci a nan, yankan kuma ya zo a ƙarshen ɗango na biyu. Duk manomin Bichi ko Bagwai ya san cewa gawo ya saɓa wa sauran itatuwa, yana zubar da ganye da damina ya fitar da sabo da rani, kuma saboda haka ne hatsin da ke ƙarƙashinsa kan fi na sauran gona kyau, tun da ganyen da ya zuba da kashin dabbobin da suka sha inuwarsa da rani sun zama taki, rassansa kuma ba su tare rana ba. Waƙar ba ta ce komai a kan tsufa ko gado ko sadaukarwa ba, amma tsayuwar babban itace tsirara a kan gero mai tashe ta isa ta tuna wa mai karatu da magabacin da ya ja baya domin na ƙasa da shi su samu haske. A ma'aunin nazarin waƙa irin wanda Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa wa ɗaliban Hausa, wannan salo ya fi kusa da alamtarwa, wato barin abu ya wakilci wani abu, bisa ga kamantawa, inda ake faɗin kamar a fili.

Hanya biyu ta zancen mutuwa

Jigon mutuwa ya ratsa haiku tun farkonsa, domin tunanin Japanawa ya sha daga koyarwar addinin Buddha a kan rashin dawwamar komai. A tafiyar da Basho ya yi zuwa arewacin Japan a 1689, wadda ta ɗauki kimanin kwana 150, ya tsaya a Hiraizumi, inda aka taɓa yin daula da yaƙi, bai tarar da komai ba sai ciyawa, kuma daga wannan gani ya tsara ɗaya daga cikin waƙoƙinsa mafi tasiri. Issa, wanda ya rasa mahaifiyarsa yana ƙarami, ya kuma binne 'ya'yansa da matarsa, ya rubuta waƙa bayan da agana ta kashe 'yarsa Sato a 1819, inda ya amince da koyarwar addininsa a kan gushewar duniya, sannan ya bar maganar a buɗe domin zuciyar uba ta ƙi sallamawa. Shiki, wanda tarin fuka ya kwantar da shi shekaru, ya rubuta waƙoƙinsa uku na ƙarshe a 1902, sa'o'i kaɗan kafin rasuwarsa yana da shekara 34, kuma dukkansu a kan soso ne, tsiron da ke yaɗo a gidansa wanda ake shan ruwansa domin maganin majina. Rubuta waƙar ban kwana a bakin mutuwa tsohuwar al'ada ce a Japan, ana kiran ta jisei.

Rubutacciyar waƙar Hausa ta bi wata hanya dabam. Tun zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Nana Asma'u, wadda ta shahara da marsiyyoyi, har zuwa Imfiraji ta Aliyu Namangi na Zariya, waƙar wa'azi tana kiran mutuwa da sunanta, tana bin mamaci daga fitar rai zuwa wanka da likkafani da makara da kabari da tambaya da tashin ƙiyama, tana kuma siffanta duniya da mayaudariyar tsohuwa mai kwalliya. Manufarta gargaɗi ne da tsoratarwa da kwaɗaitarwa, saboda haka tsawo da maimaitawa da faɗin magana ƙarara suna cikin aikinta. Akwai kuma bambancin aƙida da bai kamata a rufe shi ba, domin ga Musulmi mutuwa ƙofa ce ta Lahira da hisabi, ganin gushewar abubuwa kuma hanya ce ta tuna Mahalicci. Amma ɗaukar darasi daga shuka ba baƙon abu ba ne a Musulunci, tun da aya ta 45 a Suratul Kahfi da aya ta 20 a Suratul Hadid sun buga misalin rayuwar duniya da tsiron da ruwan sama ya raya, ya yi kyau, sannan ya bushe ya karairaye. Manomin da ya ga yabanyarsa ta ƙone a farin 1973 ko na 1984, ko wanda ya ji labarin yunwar Kakalaba ta 1914 daga bakin kakanninsa, ya ga tafsirin waɗannan ayoyi da idonsa. Saboda haka mawaƙin Hausa zai iya ɗaukar dabarar haiku ya zuba mata tunanin da ya gada, kamar a wannan misali na biyu:

Ruwan shuka yau;
sungumin Baba yana
nan gindin rumbu.

Ranar da aka yi ruwan shuka babu mai lafiyar da ke zama a gida, maza suna gaba da sungumi suna sara, yara suna biye suna jefa iri suna rufewa da ƙafa, saboda haka sungumin da ya kwana a gindin rumbu a irin wannan rana yana faɗin abin da waƙar ta ƙi faɗa. Ba a ambaci rasuwa ko hawaye ko makabarta ba, kuma ba a bayyana ko Baba ya rasu ne ko ciwo ya kwantar da shi ba, sai dai farin cikin gari da rashin da ke cikin gida guda sun haɗu a wuri ɗaya. Ɗangon farko yana da gaɓa biyar, amma huɗu daga cikinsu masu nauyi ne, abin da ya sa ake furta shi a hankali, kuma wannan jinkiri ya dace da yanayin waƙar.

Kawaici a matsayin salo

Yanayin zuciyar da haiku ya fi so shi ne wanda makarantar Basho ta kira sabi, wato kaɗaici mai natsuwa da ake ji a gaban abin da ya tsufa ko ya koɗe, tare da tausayin da ke zuwa idan mutum ya san kyakkyawan abin da yake kallo ba zai daɗe ba. Wannan yanayi ba ya son kururuwa, kuma a nan ne ya haɗu da kawaici da alkunyar Bahaushe. A zaman makoki na ƙauye, mutum kan zo ya zauna a kan tabarma, ya yi addu'a, ya tambayi haƙuri da kalmomi kaɗan, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tashi, kuma kowa ya san nauyin abin da ba a furta ba. Uwar da ke kunyar ɗan fari, wadda ba ta kiran sunansa, ba ta rasa ƙaunarsa ba ne, ta dai zaɓi ta nuna ta ta wata hanya. Kabarin da aka yi wa alama da fasasshiyar tukunya, wanda damina biyu ko uku kan daidaita shi da ƙasa, da kufan da babu abin da ya rage a cikinsa sai kukoki da katangar tukwane, duk hotuna ne da ke magana da kansu, kuma mawaƙin da ya ƙara musu bayani zai rage musu ƙarfi ne.

Abin da ya rage a yi

Haiku ya riga ya shigo Afirka. A 2015 Adjei Agyei-Baah na Ghana da Emmanuel Jessie Kalusian na Nijeriya suka kafa wata ƙungiyar mawaƙan haiku ta nahiyar, wadda ta riƙa fitar da mujalla mai suna The Mamba, sai dai mafi yawan abin da ake bugawa a wannan fage da Turanci ne, alhali kalmomin lokaci sun fi ƙarfi a harshen waɗanda ke rayuwa da su. Babu mai cewa ɗango uku za su maye gurbin waƙar wa'azi ko marsiyya, domin kowace da aikinta, amma darasin da haiku ke koyarwa, wato a kalli ƙaramin abu da kyau, a kira shi da ainihin sunansa, a kuma amince da basirar mai karatu, darasi ne da kowane mai rubutu da Hausa zai amfana da shi. Buƙatar adana kalmomin lokaci na Hausa ta ƙara zama ta gaggawa ganin yadda gonakin Ungogo da Dawakin Tofa ke komawa fulotai, ana sare itatuwa domin itacen girki da gawayi, matasa kuma suna tasowa ba su san bambancin binne da shuka ba.

Saboda haka ya kamata sassan nazarin Hausa, musamman na Jami'ar Bayero, tare da cibiyoyin da ke cikin yankin kansa irin su Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi da Kwalejin Noma ta Audu Baƙo da ke Ɗambatta, su tura ɗalibai wajen dattawan manoma da makiyaya da matan karkara, a tattaro sunayen iska da ruwa da tsuntsaye da ƙwari da ciyayi da ayyukan gona, a jera kowanne a ƙarƙashin lokacinsa a littafi guda. Malaman makarantun firamare da sakandare kuma su riƙa sa yara su fita su duba abin da ke bayan ajinsu su rubuta shi a ɗango uku, marubuta waƙa su gwada ƙarfinsu a wannan ƙaramin fili. A fara wannan aiki tun dattawan da suka riƙe kalmomin suna raye.